Ginshiƙi na Uku na Malam Dogara

Malam Dogara maƙwabcinmu ne a Gangaren Tudu, mai zanen gini a ma'aikatar ayyuka ta Keffi. Bai cika magana ba, kuma in ya yi, mu ba ganewa muke ba. Mutum ɗaya ke gane shi, Gamaliel, abokin teburinsa. Ƙa'idar aikinsu ita ce ba a zuba kankare sai wani ya bi lissafinka ya sa hannu. Shekara tara suna duba na juna, kafin kuɗin mai ya ja Gamaliel zuwa Legas a 1975.

A shekarar ne Alhaji Mijinyawa ya tashi gina bene a Sabon Gari, da dogon bim, wato gungumen kankare mai ɗaukar nauyin sama, a kan ginshiƙai uku. Dogara ya taɓa yi min bayani: mutum biyu in sun ɗauki katako, kowa ya san rabonsa, amma in na uku ya shiga tsakiya, sai an yi aiki kafin a san wa ke shan wuya. A takarda yakan ɗaure kowace mahaɗa, ya saki ɗaya, ya raba nauyin da ya yi rara gwargwadon taurin kowane ɓangare, ya tura rabi gaba, ya sake, har rarar ta ƙare. Sati biyu ya yi yana wannan. Lissafi ya ce rodi ya hau sama a kan ginshiƙin tsakiya.

Birkila ya yi dariya. "Malam, tun da nake, a ƙasa nake sa rodi."

"Nan a sama za ka sa," in ji Dogara.

Sai dai shi kansa bai natsu ba, don babu wanda ya duba. Ya kwafe shafi goma sha ɗaya ya aika wa Gamaliel. Kullum da hantsi yana gidan waya, har ma'aikatan suka fara girgiza masa kai tun daga ƙofa. Alhaji kuwa ya ce siminti ba ya jiran Legas. Aka zuba.

Ranar cire tokara na je kallo. Dogara ya fitar da kowa, ya bar kafinta ɗaya a bakin ƙofa da igiyar janye tokara, shi kuma ya tsaya ƙarƙashin bim ɗin, hula a hannu. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Aka janye ta ƙarshe. Shiru. Jama'a suka yi wa Alhaji barka, suka watse cin shinkafa.

Bayan wata huɗu wasiƙar ta dawo a rufe, an rubuta ba a san mai sunan ba.

Benen yana nan har gobe. Wata rana muna tsaye a gindinsa na ce wa Dogara, "Malam, ai gini ya tsaya, lissafinka daidai ne."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bim ɗin.

"Ya tsaya dai," ya ce. "Amma ba wanda ya duba."