Gaisuwar Juma'ar Baba

Mahaifina bai taɓa yarda a ƙona katin waya a kan "ina wuni" ba. Tsohon dillalin shanu ne a Kurfi, ya ci kasuwanni har ƙafa ta gaza, ya dawo ya zauna a zaure da mutane fal a ransa. Da na saya masa waya, 'yar ƙarama mai madannai, sai ya fito da tasa hanyar zumunci. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai zauna kan buzunsa ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, ya bari ta yi ƙara sau ɗaya ya katse. Wanda aka yi wa filashin sai ya mayar, wato nan lafiya, can ma lafiya. Wanda bai mayar ba har la'asar, shi za a kira da gaske, kuma faɗa zai sha kafin gaisuwa.

Ni na jera masa lambobin, don idonsa ya yi rauni, kuma tawa na sa a farko. Ina koyarwa a Dutsin-Ma, in na je gida nakan tsokane shi cewa wata rana kamfanin waya zai kai shi ƙara. A jerin akwai gwaggona ta Makera, da abokan kasuwarsa na Dabawa, da wani mahauci, da limamin da suka yi karatun allo tare. Akwai kuma wani tsohon Bafulatani da ya yi shekara da shekaru yana yi masa kiwo, kafin daji ya lalace ya kwashi iyalinsa ya yi nisa. Shi ma duk Juma'a yana mayarwa.

Wata Litinin da hantsi ina cikin aji aka aiko mini cewa jami'an tsaro sun zo da mota sun tafi da Baba. Na bi sawu har ofishinsu. Sun bar ni na shiga ne kawai don ba ya ji sosai, ana bukatar mai maimaita masa tambaya.

Jami'in da ke zaune bai kai ni shekaru ba. Ya gaishe shi da ladabi, yana ta Baba kaza, Baba kaza, kuma har yau ladabin nan yana ba ni haushi. Ya juyo mana da wata takarda. Ɗige-ɗige ne da layuka, ɗigo ɗaya a tsakiya, sauran sun kewaye shi kamar kaji da mai tsaba. Na tsakiyar Baba ne. Kowane layi yana nuna wa ya kira, wace rana, ƙarfe nawa, daga wane yanki aka amsa. Na tambaya ko sun saurari maganarsa ne. Ya ce a'a, ai babu ma abin saurare, kuma abin da ya kawo mu ke nan.

Ya ɗora biro kan ɗigon makiyayin. Ya ce an samu layin wayarsa a aljihun wani da aka kama cikin 'yan bindiga, ɗan makiyayin ne, uban ya daɗe da rasuwa. Na maimaita wa Baba da ƙarfi. A nan, a gaban baƙo, ya ji mutuwar amininsa. Ya yi salati, ya ce, "To wa ke maido mani?" Ɗan ne, duk tsawon lokacin. Ko kunya ce ta sa shi, ko tausayin tsoho, ban sani ba, kuma ba wanda ya damu ya sani.

Tambayarsu ɗaya ce: me zai sa dattijo ya riƙa buga wa mutane da yawa a lokaci guda kowane mako, ba ya cewa uffan, kuma a amsa masa daga cikin daji? A aikinsu, wannan ishara ce. Na yi bayani har bakina ya bushe. Da a ce yana magana, da an ji shi yana tambayar gida da iyali. Tsimin katinsa ya bar shi ba shaida.

Sai jami'in ya nuna wani ɗigo da ban san shi ba, ba ni na sa lambar ba. Layinsa kullum tafiya yake, bai taɓa dawowa ba. Baba ya ce ƙaninsa ne. Ƙanin da suka ɓata kan gonar gado, wanda ba a ambaton sunansa a gidanmu. Ashe duk Juma'a yana taɓa shi. Wani can da takarda ya riga ni sanin zuciyar ubana.

Kwana huɗu ya yi suka sake shi, ba su same shi da komai ba. Amma takardar ba ta huta ba. Ɗaya bayan ɗaya aka kira mutanen cikinta. Gwaggona da ba ta taɓa shiga ofis ba aka ɗauko ta a kan babur tana kuka. Mahaucin aka fara raɗa cewa infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, nama ya riƙa kwana a teburinsa, ya tattara ya bar garin. Ni sau biyu aka kira ni, shugaban makarantarmu ya koma gaishe ni daga nesa. Ba na cewa jami'an ba su da dalili, mun binne mutane, an kwashe wasu a gona, kuma masu kai rahoto suna nan. Amma ni abin da na gani shi ne mutane suna canza layin waya, zauren Baba yana yin fili. Ba wanda ya zarge shi a fuska. Wucewa kawai suke yi da sauri.

Baba ya yi makonni bai taɓa wayar ba. Sai wata Juma'a, na dawo daga masallaci ina cin abinci a gidana, wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Na ga sunansa. Abin da ya zo mini ba fuskarsa ba ce, layin nan ne tsakanin ɗigona da nasa, da biron jami'in a kai. Na tuna aikina, na dubi 'ya'yana. Na kife wayar, na ce ai gobe zan je da kaina, ya fi. Na ji tsoro ne, ba wani abu ba. La'asar ta yi ta wuce, bai kira ya yi mini faɗa ba.

Da safe na shiga mota zuwa Kurfi. Na same shi kan buzunsa shi kaɗai, wayar na naɗe a hankici. Bayan gaisuwa na fara kame-kame, wai caji ne ya ƙare. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Malam. Kai kaɗai na taɓa jiya."

Na kasa kallonsa.

"Ba ka yi laifi ba," ya ce. "Kana da iyali."

Ya miƙo mini hankicin ya ce in tafi da ita, shi ya gama. Da damina ta zagayo muka kai shi makwancinsa. Wayar tana cikin akwatina har yanzu, kuma na taɓa kunna ta sau ɗaya. Kiran ƙarshe da ke ciki nawa ne.