Idon da na ajiye a ɗakin gyaran amare

A shekarun da nake ba ku labari, ni mai gyaran amare ce a Sabon Garin Jega, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya karɓu. Daga Maiyama aka kawo ni aure, na zo da sana'ar da na koya wurin gwaggota, wato dilka da halawa da ƙunshi da turaren tsuguno. Maigidana fataucin albasa yake yi, rabin shekara yana tsakanin Aliero da kudu, saboda haka gidan kusan na mata ne, daga ni sai yarana ƙanana sai mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ba iya aiki kaɗai ke sa iyaye su kawo mini 'ya'yansu ba. Ɗakina yana can ƙuryar gida, namiji ba ya taka ƙofarsa, kuma na hana shiga da waya. Kwando ne a bakin ƙofa, kowace mace ta zo a nan take sauke wayarta. Ina da zafi a kan wannan, har ƙawar amarya na taɓa kora saboda ta ɓoye tata a hijabi. Ina roƙon a sakaya sunana, domin sirrin da ke cikin labarin nan ba nawa ne ni kaɗai ba.

Wata shekara da albasa ta yi albarka, maigida ya dawo mini da kwamfuta ta hannu, irin mai murfin nan, da ɗan akwatin intanet. Ya ce in riƙa ganin sababbin zanen ƙunshi, in daina damun sa da aron waya. Na ji daɗi ba kaɗan ba. Na ɗora ta a saman durowa, tana fuskantar tabarmar da amare ke zama, in nuna musu zane su zaɓa, in kuma saka karatun Alƙur'ani yana tashi a hankali muna aiki. Ni da nake karɓe wayoyin mutane a ƙofa, ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai ba cewa ita ma wannan tana da ido. Kamar rediyo na ɗauke ta.

Da labari ya bazu cewa ina da kwamfuta, sai mata suka fara zuwa da memori da filashi. Wannan a tura mata zanen lalle, waccan wa'azi, wata waƙoƙin biki. Wa za ka hana a unguwa? Wata rana matar ubangidan maigidana, Hajiya babba da nake durƙusawa in gaishe ta, ta kawo nata memorin. Ina sakawa sai manhajar tsaron kwamfutar, wadda ake ce wa anti-bairos, ta fito da jan rubutu tana ƙara, ta kuma hana wani abu da ke ciki buɗuwa. Hajiya ta tambaye ni mene ne, ni kuma da wauta na ce wai cuta ta gani. Nan take ta haɗe rai, ta ce memorin da babu komai cikinsa sai wa'azin malamai shi ne zan ce yana da cuta? Kunya ta rufe ni. Na yi ta lalube har na gano inda ake kashe abin, na kashe shi, na sake saka memorin, na danna duk abin da ya ƙi buɗuwa har ya yi kamar ya buɗe. Hajiya ta tafi da fara'arta. Ni kuma ban sake kunna manhajar ba, tunda na ga ba ta da aiki sai kunyata ni gaban baƙi.

Bayan wani lokaci kwamfutar ta fara canza hali. Ta yi nauyi, tana zafi tana huci ko ba a aiki da ita. Kibiyar nan da ake nuni da ita takan motsa ba wanda ya taɓa. Akwai wata 'yar fitila ƙarama a saman murfin, wadda ban taɓa lura da ita ba, sai na fara ganin tana kawo haske. Ranar da tsigar jikina ta tashi kuwa, ina tsaka da murza wa wata amarya dilka muna hira, sai sautin karatu ya yi ƙasa da kansa, a hankali a hankali, kamar wani ne yake so ya ji abin da muke cewa. Da na gaya wa Inna, ta dafe ƙirji ta ce, “Wanga ba aikin mutum ba na.” A ganinta ɗakin da ake yawan turare, ake kuma zaunar da amare kai a buɗe, dole mutanen ɓoye su yi sha'awarsa. Ta sa aka karɓo tofi aka yayyafa a kusurwoyi, ta kuma ba da umarni a bar Suratul Baƙara tana tashi daga safe har magariba, kada a kuskura a rufe murfin. Ba na raina addu'a, har gobe da ita nake kwana nake tashi. Amma ku duba abin da muka yi: kwamfutar da a da nakan rufe in na gama nuna zane, yanzu mun bar ta buɗe wuni guda, tana kallon tabarma.

Ana cikin haka aka kawo mini wata amarya daga Sabiyal, 'yar wani manomin albasa, yarinya mai sanyin hali wadda da ƙyar ake jin muryarta. Mahaifiyarta da kanta ta rako ta, ta damƙa mini hannunta, ta koma. Ranar farko sai da na yi ta zolayarta kafin ta yarda ta yi ɗaurin ƙirji, ina ce mata wa take jin kunya, daga ni sai Allah a ɗakin nan. Gyara ya yi nisa, wata rana da azahar na leƙa kwando na ɗauki wayata, sai na ga saƙo daga lambar da ban sani ba. Mai saƙon ya gaishe ni da sunan da mutanen gida kaɗai ke kira na da shi. Ya ce koren zanen da na ɗaura yau ya fi na jiya kyau, kuma in rage yi wa yarinyar nan tsiya. Ban gama karantawa ba hoto ya shigo. Amaryar ce a kan tabarmata, gashi a kwance, kafaɗu a waje duk dilka, kuma daga sama aka ɗauka, daidai inda durowa take. Bai nemi komai a hannuna ba. Abu ɗaya ya ce, in bar kwamfutar yadda take, idan kuma na rufe ta, hoton zai riga ɗaurin aure isa wayar ango da abokansa.

Ban san lokacin da na zauna a bakin ƙofa ba. Na leƙa ɗaki, yarinya na zaune tana jiran ruwan wanka, karatu na tashi, 'yar fitilar nan kuma tana haske. Tsoro ya hana ni rufe murfin. Abin da na iya yi kawai, na shiga da murmushin dole na ce ta koma bayan ƙofa, wai iska ta fi shigowa ta nan. Ta tashi ta koma ba musu. Ban kai ga fita ba wayar ta sake motsi a hannuna. Cewa ya yi ba ya ganin ta, in mayar da ita wurinta. A nan ne na tabbata mutum ne, yana zaune wani wuri yanzu-yanzu yana kallon ɗakina, yana kuma ba ni umarni a kan 'yar mutane. Na fizge wayar wutar akwatin intanet daga bango, na kifa murfin kwamfutar, na lulluɓe ta da zane.

Akwai wata malama a bayan layinmu da ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yanmata, takan zo ƙunshi wurina. Wurinta na ruga, kwamfutar a ƙarƙashin hijabi. Da na gaya mata, ta ce kada in ba mutumin amsa, kada in goge saƙonninsa, kada kuma in sake haɗa ta da intanet. Ta zauna ta bincika, sannan ta nuna mini wata manhajar leƙen asiri da ta ɓuya da suna mai kama da na kayan kwamfutar. Ta ce da ita wanda ke nesa zai kunna kyamara, ya ji magana, ya karanta abin da ake rubutawa, ya kwashi abin da ya ga dama, a nan ma ya samu lambata. Irinta kan zo ne a siffar jakar hotuna ko ta wa'azi, da ka danna ta shige, kuma sau da yawa mai memorin ma bai san yana yawo da ita ba. Malama ta adana shaida, ta tace 'yan hotunan zanena ta ware su, sannan ta share kwamfutar gaba ɗaya ta sake zuba mata komai sabo, domin ta ce ba ta yarda da cire abin kawai ba, ba a san me ya dasa a ciki ba. Ta kunna manhajar tsaro ta sabunta ta, ta sa na canza duk kalmomin sirrina a wayarta, ta duba tawa wayar, ta liƙa filasta a kan kyamarar. Sai na roƙe ta ta goge hoton da ke wurin mutumin. Ta dube ni ta ce abin da ke cikin kwamfuta shi take da iko da shi, wanda ya riga ya fita ya fita. Ta ƙara da cewa alamu sun nuna abin yana ciki tun kafin azumi, watanni ke nan. Na fara tuno fuskokin amaren da suka zauna a tabarmar nan tun daga lokacin.

Mun kai ƙara wurin hukuma da rakiyar ƙanin maigidana, amma lambar ta riga ta mutu, har yau ba a gano ko wane ne ba. Inna tana kuka ta ce mu rufa wa kanmu asiri mu yi shiru, biki ya ƙarato. Malama kuma ta ce shirunmu shi ne ƙarfinsa. Na ɗauki amarya na mayar da ita Sabiyal da kaina. Na tarar da mahaifiyarta a tsakar gida tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa, na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Hannunta kawai ya tsaya, ta ce, “Ɗiyata nib ba ki amana.” Mahaifin ya kira angon da kansa ya shaida masa tun kafin ya ji a waje. Allah ya saka wa yaron nan da alheri, ya ce ba laifinta ba ne, aka ɗaura aure. Daga nan na bi gidajen sauran amaren ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tsine mini, wasu sun rufe ƙofa, wata kuma roƙo na ta yi kada mijinta ya ji. Sana'ata ba ta sake komawa yadda take ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

'Yan uwana mata, musamman masu sana'a a cikin gida, kwamfuta ba ta san girman wanda ya kawo memori ba, ba ta kuma san wa'azi ne a ciki ko waƙa ba. Idan manhajar tsaro ta yi ƙara, ku saurare ta, ku bar kunya ta kama ku na ɗan lokaci. Ku rufe idon kyamara, ku fitar da ita daga ɗakin da ake cire mayafi, kuma in ta fara abin da ba ku gane ba, ku yi addu'a ku raba ta da intanet, ku nemi masani a ranar. Iyakar sanina hoton bai fito ba, amma rashin fitowarsa bai ba kowa kwanciyar hankali ba. Bara na je sunan ɗan fari na amaryar nan ta Sabiyal. Da mata suka ɗaga wayoyi za a yi hoto da mai jego, ta miƙa jaririn ta juya fuskarta bango. Da zan tafi ta biyo ni zaure, ta tambaye ni a hankali ko mutumin ya sake aiko da wani saƙo. Na ce a'a. Ta ce to, ke nan ya goge? Ina riƙe da takalmina aka kira ta daga ciki, ta koma, ni kuma na saka shi na kama hanya.