Daminar da Na Ɗora wa Waifa Laifi

Motar ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu. Wani Bature mai sayen auduga ne ya more ta, da zai koma ƙasarsu ya bar wa maigidana, wanda yake awon gyaɗa da auduga a Makarfi. Ni ne direbansa. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sitiyarin gidan, ban taɓa taka ko kaza ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, direbobin ƙasarmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. In na shiga kasuwa har tsoka mahauta suke ƙara mini. Ban iya noma ba, ban iya saƙa ba, tuƙin nan shi kaɗai na iya a duniya.

Waifar motar, wato abin share ruwa a gilashi, irin ta dā ce, mai aiki da iskar da inji yake zuƙa. Duk wanda ya tuƙa irinta ya san halinta. Ka ɗaga ƙafa daga totur, sai ta yi ta rawa fat-fat-fat kamar ana yi mata kiɗa. Ka taka don hawa tudu, sai ta tsaya cak a tsakiyar gilashi tana kallonka. Damina biyu muka yi da ita a haka, ina zaginta tana aikinta, ba wanda ya cuci wani. A ta uku ne abu ya lalace.

Muna dawowa daga Gazara da la'asar ruwa ya tsuge. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina, amma ranar ban ga bakin kwalbati ba sai da tayar gaba ta zurma. Maigida yana baya, ya gwara goshi da kujera, hularsa ta faɗi. Manoma suka fito daga bukkokin gona suka ciccibo mu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Sai da muka isa ƙofar gida ya ce, "Malam direba, ni ban san mota ba, rai na sani. In aka sake, zan nemi wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, waifa ce. Gefena ba ta sharewa."

Ya ce, "To, a gyara waifa."

Daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. Da na idar da sallar asuba sai in fito in duba gabas. Duk gari ana roƙon ruwa, dawa tana so, rake yana so, ni ina cewa amin da baki, a zuciya ina roƙon ya dakata sai na ajiye mota. Wallahi na ji kunyar kaina, amma ban daina ba.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na yanko tsohon tif ɗin keke da reza na cusa a madadin robar waifar da ta bushe. Ta yi kwana uku tana ƙugi ta zame. Na raba albasa biyu na goge gilashin, motar ta yi sati tana warin miya. A tashar Hunkuyi wani tsohon direban babbar mota ya ce in murza ɗanyen ganyen taba, ruwa zai riƙa gangarewa da kansa. Na murza. Ruwa ya gangare kuwa, amma gefen da nake zaune, hannun dama, yana nan dishi-dishi, sai ka ce an shafa man shanu.

Daga nan na koma wa igiya. Na ɗaure hannun waifar, na zaro bakin igiyar ta taga, in ta tsaya a ja ta. Matsalar ita ce mai tuƙi ba ya ja. Ranar da za mu Ikara hadari ya haɗo, dole maigida ya baro kujerarsa ta baya ya dawo gaba kusa da ni. Mutumin da dagatai suke tashi su gaishe shi, ga shi yana jan igiya, hannun babbar rigarsa ya jiƙe sharkaf. Da wata rana ce da na yi dariya. Muna cikin hawa wani tudu ya daka tsawa, "Jaki! Jaki!" Na taka birki, motar ta ja gindi ta tsaya. Jaki ne da lodin mazarƙwaila, hancinsa dab da fitilarmu, mai shi ya ɗora hannu a ka yana salati.

Maigida ya ce, "Tun daga can nake ganinsa."

Na ce, "Gefenku ta fi sharewa, ranka ya daɗe."

Ya matse ruwan hannun rigarsa. Har muka dawo ina jira ya ce in ba shi makulli. Da na shiga gida uwar 'ya'yana ta miƙo mini ludayin fura, na kai hannu na kama iska. Ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Jiya ma haka ka yi da buta." Na balbale ta da faɗa, na ce mutum ya yini yana fama da ƙarfe ya dawo a tsare shi da surutu. Baiwar Allah ta damƙa mini ludayin a hannu ta koma ɗaki.

Washegari na roƙi maigida ya bar ni in kai motar Zariya. A Sabon Gari akwai wani dattijon bakanike Bayarabe, ya ce in rabu da wahalar kai, yanzu an yi mai aiki da batir, ba ruwanta da totur. Ya ciro ɗaya daga wata mota da ta yi hatsari, ya yini yana huda yana jan waya. Ina zaune a kan tsohuwar taya ina kallonsa, ina ji kamar ya ciro mini ƙaya. Da ya gama ya ce in shiga in murɗa maɓallin. Ya ɗebo ruwan sabulu a bokiti ya watsa wa gilashin.

Kai, waifa ta yi kyau! Tana tafiya tana dawowa a natse, na taka totur har ƙasa ko gezau. Sai dai tagar gefe a buɗe take, da ya sake watsawa ruwan sabulun ya fantsamo mini a idon hagu. Na sa tafin hannu na rufe shi.

Dattijon yana tsaye a gaban mota da bokitinsa. Da idon dama kaɗai na dube shi, sai na ga ba fuska, ba bokiti, wata inuwa ce kawai a cikin farin hayaƙi. Na cire hannu, ya dawo. Na mayar, ya ɓace. Na juya na dubi bangon gareji ta tagar da ba gilashi, shi ma haka.

Ya leƙo ya ce, "Yaya, direba? Ta share?"

Na ce, "Ta share."

Duk hanyar komawa rana ce tarwai, ina tafe ina rufe ido ɗaya ina buɗewa, ko Allah zai sa abin ya wuce. Bai wuce ba. Na yi ta lallashin kaina. Ai ido ɗaya ma ido ne. Ai damina ta kusa ƙarewa. Ai ba wanda ya sani, bakaniken ma bai lura ba. In na ajiye tuƙi me zan yi, in zauna a ƙofar gida ana cewa ga tsohon direba? Kafin in shiga Makarfi na gama yanke cewa bakina alaikum.

Na tarar da maigida a zaure kafin magariba. Ya fito da kansa, na murɗa masa maɓallin, ya yi ta kallo yana murmushi. Ya ce, "Madalla. Ta zo a kan gaɓa. 'Yata ta gama wankan jego, gobe za ka mayar da ita ɗakinta a Ikara, ita da jaririn da gwaggonta." Na ce to. Ya koma ya zauna a kan buzunsa.

Na kai bakin ƙofa na tsaya. Jaririn nan ni na ɗauko ragon sunansa a bayan motar. Na dawo na durƙusa, na ciro makullin daga aljihu na ajiye a gefen buzun.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba waifa ba ce."

Ya dubi idanuna ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wanne?"

"Na dama."

Ya yi salati a hankali. Can ya ce ko na san wani direba mai hankali da zai kai 'yar tasa da jaririn. Na ce akwai wani a Kudan. Mutumin nan shekara da shekaru ina yi masa ba'a a tasha saboda tafiyar hawainiyarsa, amma shi na ambata.

Aka aika masa, da safe ya zo a kan keke. Na nuna masa inda giya take sarƙewa, na nuna masa maɓallin sabuwar waifar. Mata suka shiga, aka miƙa jariri. Suna fita layin yayyafi ya fara, na ji ya murɗa ta, tana shara lafiya lau. Ni ban taɓa tuƙi da sabuwar waifar nan a cikin ruwa ba ko sau ɗaya.