Keken Inna Yana Ja Gefe

Inna, mahaifiyata, ta fara ɗinki a Gwiwa tun kafin a haife ni. Kekenta na ƙafa ne, baƙi, zanen ruwan gwal ɗin jikinsa ya goge a daidai inda take dafawa, kuma wurin zamansa bai taɓa canjawa ba: bakin ƙofar ɗakinta, inda hantsi yake faɗowa. Matan unguwa da na rugagen bayan gari duk ita suke kawo wa, rigunan yara ne, kalmasar zani ce, zanen gado ne, daga baya har hijabai. Abin da aka san ta da shi layi ne. Ba ta shata alli a jikin yadi, ɗorawa take yi ta taka, ɗinkin ya tafi sambal. A hannunta na koya, kuma na sha rankwashi a kan karkataccen layi fiye da yadda na sha a kan ƙin wanke-wanke.

Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama aka san bakina ba ya riƙe magana. Yayanmu shi ne ɗan fari. Tsakaninsa da Inna akwai wannan kunyar ta ɗan fari: ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan," alhali furfura ta fara fito masa a gemu. Shi kuma idan ya shigo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa. Ban taɓa jin sun yi wata magana da ta wuce gaisuwa da "to" ba. Mutane suna yaba wannan tarbiyya. Ni ma na yaba a da.

Bayan na yi aure a Roni ne Inna ta fara cewa ɗakinta ya yi duhu. Aka duba, aka ɗora laifin a kan darbejiyar maƙwabta da ta yi reshe ta kan katanga. Yaya ya je ya roƙi alfarma, aka sassare ta. Inna ta ce duhun yana nan. Da yake shi fataucin awaki yake yi, yana yawan zuwa Babura da kasuwannin bakin iyaka, sai ya shiga kawo fitilu. Ya kawo 'yar caji, ta ce haskenta ja ne. Ya sa aka ɗora farantin sola a kan rufin ɗaki aka ja waya aka rataya ƙwan lantarki a saman keke, ta ce inuwar kanta tana rufe allura. Ya samo wata mai dogon wuya da ake lanƙwasawa, ana maƙala ta a jikin keken ta haska bakin allura kaɗai. Wannan har yana alfahari da ita, wai da sefa, kuɗin Nijar, ya sayo ta, ba irin tarkacen da ake zubawa a faifai ba ne. Inna ta yi kwanaki tana sa masa albarka, sannan ta ce ita ma ta rage ƙarfi. Ƙarshe dai tocilar goshi ya kawo, irin ta mafarauta. Na zo wata rana da azahar, rana tana ƙwalla a tsakar gida har ba ka iya taka ƙasa ba takalmi, na tarar da uwata a bakin ƙofa da tocila ɗaure a kan ɗankwali, fitilu kewaye da ita kamar mai sayar da su. Na yi dariya, na ce, "Inna, farautar me ake yi da tsakar rana?" Ta ce in tafi can da shaƙiyancina. Dariyar ba ta kai ni gida ba.

Daga nan laifi ya koma kan keke. Inna ta ce yana ja gefe. Tana ɗora yadi daidai, shi kuma sai ya karkatar da shi, layin ya fita daga bakin kalmasa ya shiga cikin zani. Akwai wani mai gyaran keken ɗinki a Kazaure da yake zagayowa a kan babur ranar kasuwar Gwiwa, dattijo ne mai sanyin magana, da jakar sukundireba da kwalbar man keke. Yaya ya kirawo shi. Ya kwance farantin ƙasa, ya share ƙurar zare, ya ɗiga mai, ya ce a gwada. Kasuwa ta zagayo, Inna ta ce har yanzu. Ya dawo ya canja haƙoran da suke jan yadi. Ya sake dawowa ya canja ƙarfen da yake danne yadin. Ya canja bel, ya canja gidan kwarkwaro. Keken da ya yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa cikinsa, sai ga shi kusan kullum hanjinsa a waje a kan tabarma.

Ni kuwa a Roni wani abu yake faruwa. Matan Gwiwa suka fara biyo ni har gida da ɗinki a leda. Ɗinkin Inna ne. Sun karɓa sun yi godiya, sun hau acaɓa sun kawo mini in farke in sake. Kowacce da abin da take rufe bakinta da shi: "Don Allah kada ki gaya mata, uwa ce a wurinmu." Ina zaune ina farke layin uwata da reza, layin da a da ake kawo wa yara su gani su koya, yanzu ya tafi kamar sawun tsutsa. Ban san ranar da raina ya taɓa ɓaci irin na waɗannan ranaku ba.

Na shirya na tafi Gwiwa ranar kasuwa. Na shiga na zauna a gefen damanta, kusa har ina jin ƙamshin man da take shafawa, ba ta san da mutum ba sai da na yi magana ta zabura. Da ta tashi ɗebo mini ruwa ta yi ƙwallo da butar da take gefen ƙofa. Mai gyara ya iso, Yaya ya rako shi ya durƙusa a wurin da ya saba. Kafin dattijon ya buɗe jaka na ce a ba ni wuri. Na hau keken, na ɗauki ƙyalle, na taka daga wannan baki zuwa wancan. Layi ya fita sambal. Na sake, ya sake fita.

Na ce, "Inna, keken nan lafiyarsa ƙalau. Idonki ne. A bar wahalar da bawan Allahn nan, a kai ki asibiti."

Mai gyara ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba a hannu. Inna ta cire tocilar daga goshinta ta ajiye a cinya, ta ce, "Wato na makance ke nan. Ke da na koya wa zura zare, yau ke ce mai gani."

Yaya bai ce komai a gabanta ba, ai ba ya magana a gabanta. Sai da na fito zaure ya tare ni. "Ke wace irin mai tsaurin ido ce? A gaban baƙo za ki dubi Inna ki ce mata haka?"

Na ce, "Yaya, to kai ka gaya mata a ɓoye mana."

"Ni? Ni zan buɗe baki in ce wa Inna idonta ya mutu? Ta ce miki yana mata ciwo ne?"

"Ba ta ce ba."

"To ranar da ta ce yana ciwo, ni zan kai ta da kaina. Kafin nan ki kama bakinki."

Idon kuwa bai taɓa ciwo ba, ko ƙaiƙayi bai yi ba. Na kai maganar wurin ƙanwar Inna, ta ce in je in ba uwata haƙuri tukuna. Na kai wa mijina, ya ce shi suruki ne, ina shi ina wannan magana. Inna ta yi fushi da ni sosai. Idan na zo ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta juya ta ci gaba da laluben bakin allura. Na ba da haƙurin, na kuma sake tayar da zancen asibiti, aka sake yi mini ca. Damina ta wuce, aka yi girbin gero, aka cire gyaɗa, wata daminar ta zo ta wuce. Mai gyara yana zuwa, Yaya yana sayo batir da sababbin ƙwayaye, mata suna kawo mini farka. Kowa a garin yana lallaɓa Inna, ni kaɗai ce marar kunya.

Abin da ya kawo ƙarshen lallaɓawar allura ce. Da hantsi, fitilar nan mai dogon wuya tana kunne a kan hannunta, ta taka keke allura ta shige ta farcen manuniyarta ta karye a ciki. Wanda ya cire mata a asibitin Kazaure shi ya dubi yadda take laluben gefen gado, ya ce a wuce da ita Kano wurin likitan ido. Da yake baƙo ne ya faɗa, kuma da farar riga, ba wanda ya ce masa mai tsaurin ido.

A Kano likitar mace ce. Ta gama aune-aunenta ta bar Inna a ciki, ta fito da ni da Yaya baranda. Ta ce hawan jinin ido ne. Yana cin gani ta gefe-gefe a hankali, ba ciwo, har ya bar mutum kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, shi za a yi ta ɗiga wa magani ko Allah zai sa ya tsaya. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta tambaya tun yaushe Inna take cewa tana ganin duhu. Ni na faɗa mata. Ta dube mu ta ce da a lokacin aka kawo ta, da an tare mafi yawansa. Ba ta yi mana faɗa ba, ni kuwa na so ta yi.

Muka koma ciki. Inna ta ce, "Me suka ce?" Ba da Yaya take ba, amma shi ya amsa, kansa a ƙasa: "Sun ce a yi ta sa magani, zai washe in sha Allahu." Na buɗe baki, ya ɗago ya harare ni. A mota har muka wuce Ɗambatta kuka kawai nake yi a cikin hijabi don kada ta ji.

Bayan 'yan makonni kan kekena ya sami matsala ta gaske, yana tsinka zare, na ɗaure shi a bayan acaɓa na kai wa dattijon nan a rumfarsa a Kazaure. Yana cikin aiki na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Kai da ka san keke ciki da waje, duk zuwan da ka yi ba ka gane lafiyarsa ƙalau ba?"

Ya ajiye abin da yake hannunsa. Ya ce, "'Yata, tun zuwan farko na gane. Keke ba ya ja gefe haka kawai, na gwada shi da hannuna. A zaure na gaya wa yayanki, na ce a duba idon Hajiya. Ya ce shi ma ya lura, amma in rufa masa asiri, in riƙa taɓa wani abu ina canjawa don hankalinta ya kwanta. Haƙoran da na cire ma ba abin da ya same su, suna nan a gwangwani." Ya nuna mini gwangwanin. Ya ce, "Ni baƙo ne a gidanku. Babban ɗa ya ce ga yadda za a yi, me zan ce?"

Ban tsaya karɓar kan keken ba. Na hau acaɓa na ce Gwiwa. A hanya na shirya wa Yaya maganganun da ban taɓa gaya wa wani mahaluƙi ba, amma da na isa ba ya nan, ya tafi kasuwa. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, kwalbar maganin a ƙulle a bakin zaninta. Ta gane takuna.

Ta ce, "Auta, zo nan kusa." Na zauna a gabanta sosai, inda take iya ganina. Ta kama hannuna ta ce, "Ina ta ɗiga abin nan, ban ga ya washe ba. Kowa na tambaya sai ya ce a yi haƙuri. Ke ce ba kya jin nauyin kowa. Gaya mini abin da matar nan ta ce."

Na gaya mata. Na ce na hagu ya tafi, na dama ana riƙon abin da ya rage ne, ba zai ƙaru ba.

Ta ƙara riƙe hannuna. Sannan ta ce, "Da an je da wuri fa?"

"Da an tare shi, Inna."

"Yaron nan ya sani?"

"Tun ranar da mai gyara ya fara zuwa."

Ta saki hannuna. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, ta dai gyara zaman ɗankwalinta ta ce, "Duk garin nan an ji kunyata."

Da la'asar Yaya ya dawo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa daga gefen hagunta can nesa, ya ce, "Inna, barka da yamma. Yaya idon?"

Na zuba mata ido, ina jira yau dai ta faɗa masa ko kalma ɗaya ce. Ta juya fuskarta wajen da take zaton yake, ta dubi turmin da yake jingine a bango, ta ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙi." Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.