Amshin Jikata

Ina da jika a Denmark, 'yar ɗana na fari, ban taɓa tsokanarta ba. Ni da na addabi jikokin mutane a unguwarmu a Kano, tawa ta gagare ni. Ba ta jin Hausa, Turancina kuwa na ciniki ne. In uban ya haɗa mu a waya sai mu yi ta kallon juna ina washe baki.

Wata Juma'a, a can ƙasar wajen da nake fatauci, na fito daga Masallacin Huaisheng sai ga saƙon murya daga jikar. Ta haddace waƙa a makaranta, uban ya ce ta karanta wa Kaka. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba, harshen nan sai ka ce mai magana da loma a baki. Amma ɗan zaman da na yi a makarantar allo kafin in tsere ya bar mini kunne. Na ji layi biyu-biyu suna sauka a kan sauti ɗaya. Na ji tafiyar, taku mai nauyi sannan marar nauyi, kamar ɗingishina. Bayan kowane baiti kuma akwai layin da ke dawowa, sai ta ja numfashi take faɗinsa.

Na yi ta buga karin a kan kwalaye a kasuwar Shahe. Wani abokina ɗan zangon Kumasi, mai lodin kwantena, ya ce, "Alhaji, tsufan da kiɗa ya zo?"

Na ce, "Amaryata zan yi wa waƙa, ina ruwanka."

Na zuba Hausa a kan karin nata: amarya marowaciya, ba ta iya tuwo ba, na sake ta. Amshin kawai na bari da harshensu, yadda kunnena ya kama. Na aika.

Ɗana ya kira. "Baba, tana tambaya me ka ce. In ce mata ka sake ta? A nan ba a yi wa yaro irin wannan wasan."

Na ce ya bari. Ranar ban iya cin abinci ba.

Bayan kwanaki saƙo ya zo. Muryata ce ke tashi daga wata wayar ina rera shirmena, duk inda na kai amshi sai ta shigo daidai kan gaɓa, tana ɗaga murya ta danne kwaɓaɓɓen lafazina. Na saurara har batir ya mutu.

Wannan layin kaɗai muke da shi ni da ita. Rowar da tuwon da sakin suna nan a cikin waƙar, ba ta san an yi mata ba. Har yau ina jiran ta rama.