Kafintan Gidan Talabijin

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan talabijin, amma ko sau ɗaya fuskarsa ba ta taɓa fitowa a akwatin ba. Kafinta ne. Duk ɗakin da aka gani a wasan kwaikwayo na wancan zamani, shi ya haɗa shi da falanki da ƙusa da fenti, a wani dogon zaure da ke bayan ɗakin karanta labarai. Bango uku kawai yake yi, na huɗun kyamara ce ke tsaye a wurin. Akwai wani bango da yake ji da shi ƙwarai. Gefe ɗaya falon attajiri ne mai labule, in an juya shi ya zama kotu, in an rataya masa farin ƙyalle ya koma asibiti.

A gidansa na tashi tun daga aji uku, saboda gidanmu ya yi wa makaranta nisa. Ranar da ake nuna wasa, tun da sauran rana matarsa, wadda muke kira Iya, take sauke tukunya. A fito da talabijin baƙi da fari tsakar gida a ɗora a kan benci, maƙwabta su shigo kowa da kujerarsa. Mu muna kallon 'yan wasa, Kawu yana kallon ƙofa. In ɗan wasa ya fita cikin fushi ya bugo ta, bangon ya yi rawa, sai ka ji ya ja tsaki.

"Na gaya masa ya riƙa ja a hankali. Ce masa aka yi gidan ubansa ne?"

'Yan wasan nan ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da akawu, da wani direban motar kashe gobara da kullum shi ake ba alƙali saboda ƙaton cikinsa. In sun tashi daga aiki sai su taru su yi kwana huɗu suna gwaji, ranar biyar a ɗauka. Kaset ba shi da yawa, don haka ba a cika tsayawa gyara ba. Wata rana ana tsakiyar shari'a kyanwa ta ratso kotun, ta haye teburin alƙali. Bai ko yi dariya ba, ya dube ta ya ce, "Ke ma shaida kika zo bayarwa? Jira a kira ki." Haka aka nuna shi, unguwarmu ta yi wata guda tana maimaita maganar.

Da Kawu ya yi ritaya, sai ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gida yana gyaran kujeru. Ni kuma na yi aure, na zama malamar makaranta, ina leƙo su duk ƙarshen mako. A nan ne babban ɗansu ya kawo wa Iya waya mai faɗin fuska, ta kamu da fina-finan nan masu dogon zango. Daga nan gardama ta samu wurin zama a gidan.

"Malama, zo ki gani," Kawu zai ce mini, yana nuna wayar da bakin guduma. "Tun ɗazu mota take shiga gida. An buɗe get, an rufe get, an nuno taya, an nuno takalmi. Da mu ne, da yanzu an yi faɗa an shirya."

"Kai dai ka ce ba ka gane ba," in ji Iya.

"Na gane sarai. Dubi falon can. Kujeru ko ledarsu ba a cire ba. Wa ke zaune a gidan nan? Ba takalmin yaro a bakin ƙofa, ba kofi a kan tebur. Gidan mutane suka aro, su kansu tsoron zama suke yi."

"To naku fa, Malam? Sau nawa makirfo ya leƙo ta saman kan amarya? Hoto kamar ana kallo ta cikin hayaƙi. Waɗannan ko hawaye ya gangaro sai ka gan shi."

"Hawaye kuwa ai shi ne abincinsu. Kashi na tamanin, ba a daina kuka ba."

Duk da haka ba ya tashi. Zai ja kujera kusa da ita, ya yi ta ƙorafi har a gama, ya kuma tambaya yaushe za a saki na gaba.

Wata Asabar ina gidan, wata mota ta tsaya a gaban rumfar. Wata matashiya ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita darakta ce, wani tsohon mai ɗaukar hoto ne ya yi mata kwatance. Fim take yi a kan wani malamin firamare na shekaru arba'in baya, ta zagaye gari neman ɗaki irin na lokacin ta rasa. Duk inda ta shiga an sa tayil, an yi silin na zamani.

"Baba, an ce kai ne za ka iya."

Kawu ya ajiye ƙusar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Malamin naki yana da mata?"

"Ta rasu. 'Yarsa ce kawai tare da shi."

"Yana shan taba? Da wane hannu yake rubutu? Keke gare shi ko ƙafa?"

Ta yi dariya ta ce ita kanta ba ta yi wannan tunanin ba. Ya ce to ta je ta yi, ta dawo.

Da ta dawo suka daidaita, ni na riƙa kai shi wurin aikin, wani tsohon sito da suka samu a bayan kasuwar katako. Hannunsa ya fara rawa a lokacin, don haka kafintoci biyu aka ba shi, magidanta, yana zaune a kan buhun siminti yana nuna musu. Kwana tara suka yi. Da aka gama fenti ya sa aka jiƙa tsumma da ruwan shayi aka shafe bangon har ya dushe. Ya goga tafin hannunsa da man inji ya dafa wajen makunnin fitila, wai nan mutum yake dafawa kullum in ya shigo. Ya rage wa tebur ƙafa ɗaya ya tokare ta da littafin rubutu. A ƙasan bango, gefen ƙofa, ya karce fentin daidai inda fedar keke take gogawa. Ya buga ƙusa guda sama da gado, bai rataya komai ba.

"Me za a sa a nan, Baba?" in ji darakta.

"Ba komai. Hoton matar ne a da. Ya cire."

Ta tsaya tana kallon ƙusar, sannan ta ciro takardunta ta yi rubutu.

Ranar ɗauka Kawu ya saka babbar rigarsa. Ya zaci za a yi abin a gurguje kamar yadda yake zarginsu. Sai ga shi tun safe ana jan fitilu, ana auna haske, mai ɗaukar sauti ya sa an kashe fanka kowa yana zufa. Yarinyar da ta fito a 'yar malamin ta shigo ɗakin kafin a fara, ta zauna a bakin gado ita kaɗai, ta shafa teburin, ta buɗe taga ta rufe. Fitowa ɗaya, inda take gaya wa uban ta samu aiki a wani gari, sau goma sha bakwai aka maimaita ta. A ta ƙarshe ba ta yi kuka ba sam, ninke rigarsa kawai take yi tana magana. Na juya na ga Kawu ya cire hula yana fifita da ita, idonsa ya kaɗa.

A hanyar gida ya ce, "Yarinyar nan, a zamaninmu ma ba mu da kamarta. Kada ki gaya wa Iya na faɗa."

Bayan wata bakwai fim ɗin ya fito, muka taru muka kalla a talabijin ɗin falo. Ɗakin Kawu bai fi minti goma sha biyu ba a ciki. Sauran duk manyan gidaje ne da motoci, domin 'yar ta yi arziki a birni, ga waƙa har uku da ba su da dalili. Kawu ya ce rabin farko fim ne, rabin ƙarshe tallan labule. Iya ta ce ita duka ya yi mata. Amma da sunansa ya hau cikin rubutun ƙarshe, ita ce ta sa aka tsayar, aka mayar baya, ta sa jikokinta suka karanta mata da ƙarfi.

Abin ya tayar masa da marmarin na da. Ya matsa sai na kai shi tsohon wurin aikinsa ya roƙi a nuna masa ko wasa ɗaya. Mai kula da ɗakin ajiya ya karɓe mu da mutunci, ya kawo masa kujera, sannan ya sunkuyar da kai ya yi mana bayani. Yawancin kaset ɗin an ɗauki wasu shirye-shirye a kansu tun tuni, sauran kuma damina ta shiga ɗakin wata shekara ta lalata su. Zauren da Kawu yake aiki an shafe shi da koren fenti, ba komai a ciki sai tebur ɗaya da kyamara.

Muka koma gida. Ya zauna a rumfa ya ce in kawo takarda da biro. Ya riƙa faɗo wasannin ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda suka fito, da abin da ya faru a ciki, ina rubutawa. Wani wasan ya yi dariya tun kafin ya fara faɗarsa, wani kuma ya ce duk 'yan wasansa sun rasu. Muka kai arba'in da uku ya ce iyakar abin da ya tuna ke nan. Iya, da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa, ta ajiye faranti ta ƙaro shida, ta kuma gyara masa ƙarshen guda biyu da ya rikita.