Yadda Na Kai Babur ɗin Yaya Gida

Yayana ya rasu wata Talata da hantsi, a kan titin da ya taso daga mayankar Oko-Oba a Legas. Nama muke ɗauka a babur muna kai wa mahauta kasuwanni, shi a gaba ni a baya, kowa da mashin ɗinsa. Tirela ce ta matse shi, ina kallo. Kafin la'asar mun binne shi a Agege. Babur ɗin kuwa ko madubi bai fashe ba, abin da har yau yake ba ni haushi.

Daga ranar ban ƙara hawa babur ba. Da na kama kan mashin sai hannuwana su hau rawa. Wannan tsoro ɗaya ke nan. Na biyun ya fi muni: ban gaya wa Inna ba.

Dattawan unguwa sun so su buga wa limamin ƙauyenmu waya, na roƙe su su bari, na ce irin wannan magana da ƙafa ake kai ta. Sati ya wuce, wata ya wuce, ban tafi ba. Duk Juma'a Inna takan kira ni da wayar maƙwabta. Yaya ɗan fari ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Iyakarta ta ce, "Kuna dai lafiya ku duka?" In ce, "Lafiya lau, Inna." Kunyar nan tata na samu na laɓe a ciki.

Wani tsohon dillalin shanu ne ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Ɗana, kai ko tsoron Allah ba ka ji? Matar ɗan'uwanka tana can tana jiran miji, ba ta san takaba ta hau kanta ba. Gobe akwai tirelar da za ta koma Arewa. Ɗora mashin ɗin marigayin ka hau, ka je ka faɗa."

"Baba, ba zan iya hawa tirela ba."

"To ka tafi da ƙafa!"

Haka kowa yake yi, a ɗaure babur a bayan motar shanu, mutum ya zauna kusa da shi har gida. Ni sai na ce tuƙa shi zan yi. 'Yan ɗakinmu suka ce, "O boy, kanka ɗaya kuwa?" Na gaya wa kaina in na iya ratsa tireloli daga Legas har bayan Jega, bakina ma zai buɗe. Wata gaskiyar kuma, mota kwana biyu take yi, babur kwana huɗu, ni kuma kwanakin nan biyu na ƙari nake so.

Na fita bayan sallar asuba, damina ce, ana yayyafi. Kafin Ibadan na tsaya ya fi sau ashirin. Duk tirelar da na hango a madubi sai in sauka gefen titi in jira ta wuce. Wata Bayarabiya mai sayar da masara ta ga ina amai a bakin kwata, ta miƙo mini ruwa tana cewa "pele, aboki", wato sannu. Ko godiya na kasa yi mata.

Bayan gadar Jebba hanya ta lalace, ramuka cike da ruwa, tireloli a jere suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Babu gefen da zan laɓe. Dole na shiga tsakaninsu, taya tana juyawa daidai kafaɗata, ina salati ina zagin direbobi a lokaci guda. Na wuce wata da ta kife, albasa ta watse a taɓo, an lulluɓe wani da tabarma. Ban tsaya ba. Wajen Kontagora na lura hannuwana sun daina rawa, amma ban ji wani daɗi ba, don abin da ya rage a gabana ya fi tirela.

A hanya na shirya maganar tsaf. Zan durƙusa, in fara da cewa kowa na Allah ne, in bi a hankali.

Na isa rana ta huɗu da azahar. Inna tana tsakar gida tana shanya barkono. Ta san babur ɗin, don Yaya ya zo da shi sallar bara. Ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa bayana. Sai ta kira sunan Yaya, sunansa na yanka, ta ce, "Ina yake?" Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Wata biyu ke nan, Inna."

Ta ce, "Duk Juma'o'in nan?"

Ta karkaɗe hannunta, ta shiga ɗakin matar Yaya ta saki labule. Ina tsaye riƙe da kan babur na ji kuka ya tashi.

Na koma Agege, ina hawan babur kamar da. Inna tana kira duk Juma'a. In na ce mata lafiya lau, sai ta ce in miƙa wa wani wayar, tana so ta ji daga bakinsa.